Lambar Izinin Jinya a Inshorar Lafiya: Yadda Take Aiki da Abin da Sa Ido a Kanta Ke Ci wa Jama'a

Duk ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ya taɓa kai iyalinsa asibiti da katin inshorar lafiya ya san wannan magana: "Sai an samo kod." Likita ya duba majiyyaci, ya rubuta a yi masa hoto ko tiyata, amma aikin ba zai fara ba sai kamfanin da ke kula da inshorar ya turo lambar amincewa. Wannan lamba ita ce izinin da ake nema kafin jinya. Ga mazaunin Gusau jiran ta na iya zama ɓata rabin yini. Ga wanda ya taso daga Magami, ya biya kuɗin mota a kan hanyar da ba a bin ta da yamma, jiran na iya zama kwana a barandar asibiti ko komawa gida ba magani.

Wannan bayani ya tattaro asalin tsarin, dokokin da ke tafiyar da shi, waɗanda ke da ikon duba hukuncin likita, da kuma hanyoyin da kuɗin jama'a ke bi wajen sa ido a kan lamarin.

Mece ce lambar izini?

A tsarin inshorar lafiya na Najeriya an kasa jinya mataki-mataki. Matakin farko shi ne asibitin da mai rajista ya zaɓa, inda ake duba zazzaɓin cizon sauro, gudawa, awon ciki, haihuwa ta lafiya, hawan jini da ciwon sukari marasa rikitarwa, da ƙananan gwaje-gwaje. A nan ba a bukatar izinin kowa. Mataki na biyu ya ƙunshi ganin ƙwararren likita, tiyata, hoton ƙashi ko na ciki, manyan gwaje-gwaje da makamantansu. Mataki na uku kuwa na manyan asibitocin koyarwa ne.

Idan likitan matakin farko ya ga ciwon ya fi ƙarfin wurinsa, sai ya rubuta takardar tura majiyyaci gaba. Asibitin zai aika wa kamfanin kula da inshora, wanda aka fi sani da HMO, bayanin ciwon da aikin da ake son yi. Kamfanin zai duba abu uku: ko mutumin yana cikin rajista, ko aikin yana cikin jerin abubuwan da inshorar ta ɗauki nauyi, da kuma ko bayanin ciwon ya dace da aikin da aka nema. Idan ya gamsu sai ya ba da lamba. Da wannan lambar ce asibitin zai nemi a biya shi daga baya. In babu ita, kamfanin na iya ƙin biya.

Asalin tsarin a Najeriya

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da Doka ta 35 ta shekarar 1999, a ƙarshen mulkin soja, amma bai fara aiki ba sai a watan Yunin 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, inda aka soma da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. Tun daga farko an ɗauko salon Amurka na sanya kamfanoni masu zaman kansu a tsakani: hukuma ta tara kuɗi, ta miƙa wa kamfanonin HMO, su kuma su biya asibitoci.

Dangantakar ɓangarorin uku ba ta rasa tsami ba. Asibitoci sun daɗe suna kukan jinkirin biya, masu rajista na kukan wulaƙanci, kamfanoni kuma na cewa farashin da aka yanka ya yi kaɗan. Rikicin ya fito fili a zamanin Farfesa Usman Yusuf, wanda ya shugabanci hukumar daga 2016 zuwa 2019, ya kuma yi ta sukar kamfanonin a bainar jama'a. A 2017 Majalisar Wakilai ta yi zaman jin bahasi kan yadda kamfanonin ke tafiyar da kuɗin masu rajista.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta soke ta 1999, ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasar, ta tanadi asusun kula da marasa galihu, ta ba jihohi damar tafiyar da nasu shirye-shirye, sannan ta ƙarfafa matsayin hukumar a matsayin mai sa ido da ba da lasisi. Yawan masu rajista ya tashi daga kimanin miliyan 16.7 a 2023 zuwa sama da miliyan 19 a ƙarshen 2024. A ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200 wannan bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan jinya daga aljihun iyalai yake fitowa kai tsaye.

Yadda kuɗin ke tafiya, da dalilin kafa shinge

Ba za a fahimci amfanin lambar izini ba sai an san yadda ake biyan asibiti. A shirin ma'aikatan Tarayya, ƙa'idar gudummawa ita ce kashi 10 cikin 100 na tushen albashi daga mai ɗaukar aiki da kashi 5 daga ma'aikaci, ko kuma kashi 3.25 da kashi 1.75 idan albashin dunƙulalle ne. Rajista ɗaya tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai rajista yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka rubuta masa.

Hanyar biya iri biyu ce. Ta farko ita ce kuɗin kai: ana ba asibitin matakin farko wani adadi tsayayye kowane wata a kan kowane mutumin da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. An shafe fiye da shekara goma adadin yana naira 750, kafin a ɗaga shi zuwa naira 1,200 a 2024, sannan naira 1,450 daga watan Afrilun 2025. Asibitin da ke da mutum 1,000 ke nan yana karɓar naira 1,450,000 a wata, kuma daga ciki zai kula da duk wanda ya zo. Hanya ta biyu ita ce biya gwargwadon aiki, wadda ake amfani da ita a mataki na biyu da na uku: kowace tiyata, kowane hoto da farashinsa. A gyaran 2025 an ƙara kason da ake warewa wannan ɓangare da kashi 378 cikin 100.

Kowace hanya tana da jarabawarta. Asibitin da ake biya kuɗin kai yana cin riba idan ya rage abin da yake kashewa, don haka yana iya gaggawar tura majiyyaci gaba alhali zai iya kula da shi. Asibitin da ake biya gwargwadon aiki yana cin riba idan ayyuka sun yawaita, don haka yana iya rubuta gwajin da ba a bukata, ko ma ya nemi kuɗin aikin da ba a yi ba. Lambar izini shinge ce da aka kafa a tsakanin matakan biyu domin toshe waɗannan kafofi. Sai dai mai tsaron shingen ma yana da tasa jarabawar, domin duk aikin da bai amince da shi ba kuɗinsa na nan a hannunsa. Wannan ne ya sa mai sa ido shi ma yake bukatar wanda zai sa masa ido, kuma a nan ne kuɗin jama'a ke shiga.

Ƙa'idar awa ɗaya

Daga ranar 1 ga Afrilu, 2025, NHIA, ƙarƙashin Darakta Janar Dokta Kelechi Ohiri, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin HMO ba zai wuce awa ɗaya ba wajen amsa buƙatar izini daga lokacin da asibiti ya aika. Idan ba zai amince ba, dole ya faɗi dalilinsa a cikin wannan awa. Idan awa ta wuce ba amsa, asibiti zai ci gaba da aikin, ya sanar da hukuma, ita kuma ta tabbatar an yi shi. An umurci asibitoci da kamfanoni su riƙa adana bayanin lokacin da aka aika buƙata da lokacin da aka amsa. Ga majiyyacin gaggawa kuwa ba a jiran lamba kafin fara jinya. Ana neman ta cikin awa 48 bayan an fara.

Batun gaggawa yana da tushe a doka tun kafin wannan. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, tare da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta a karɓe su a yi musu jinya ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko ajiye kuɗi ba, abin da ke da matuƙar muhimmanci a jiha kamar Zamfara.

Rahoton ƙorafe-ƙorafe na hukumar na 2024 ya nuna an karɓi ƙorafi 3,507, mafi yawansu a kan asibitoci, kusan duk saura a kan kamfanoni. An hukunta asibitoci 49 da kamfanonin HMO 47, ta hanyar gargaɗi, tilasta mayar da kuɗi, dakatarwa ko cirewa daga jeri. Jinkirin ba da lambar izini na cikin manyan laifuffukan da aka samu kamfanonin da su. Ƙorafi 3,507 a cikin mutum miliyan 19 adadi ne ƙanƙane, kuma ana iya karanta shi ta fuska biyu: ko dai tsarin na tafiya daidai, ko kuwa akasarin waɗanda aka cuta ba su san inda za su kai kuka ba.

Wa ke duba hukuncin likita?

Akwai bambanci tsakanin a ce aiki ba ya cikin abin da inshora ta ɗauki nauyi, da a ce majiyyaci ba ya bukatar aikin. Na farko hukunci ne na takarda, akawu ma zai iya yanke shi. Na biyu hukunci ne na likitanci, kuma wanda ya yanke shi daga ofis bai ga majiyyacin ba. Idan ma'aikacin ɗakin amsa waya ne, wanda ba likita ba, ya soke abin da likitan tiyata ya rubuta, to an ɗora alhakin rai a kan wanda ba shi da lasisin ɗaukar sa.

Hukumar da ke kula da sana'ar likitoci a Najeriya ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, MDCN, wadda tushenta ke komawa ga dokar 1963. Ita ke rajistar likita, ta sabunta masa lasisi duk shekara, ta tantance makarantun koyon likitanci. Tana da kwamitin bincike da ke karɓar ƙara kan sakaci ko rashin ɗa'a, da kuma kotun ladabtarwa mai ikon gargaɗi, dakatarwa ko share suna daga rajista, wadda ake ɗaukaka ƙarar hukuncinta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ma'aikatan jinya da ungozoma, da masu harhaɗa magunguna, da masu gwaje-gwaje, kowane rukuni na da tasa majalisar. Ma'aikatar lafiya ta jiha kuma ita ke rajistar asibitocin kuɗi.

Saboda haka sa ido a kan likita guda yana zuwa ta kafa uku: MDCN ta fuskar ɗa'a da ƙwarewa, NHIA ko hukumar jiha ta fuskar tantance asibiti da bin ƙa'ida, sai kamfanin HMO ta fuskar izini da biyan kuɗi. Kowace kafa tana da ma'aikata da ofis da takardu, kuma ba kasafai bayanan ɗaya ke isa ga ɗaya ba.

Inda kuɗin jama'a ke shiga

Kuɗin sa ido ba ya fitowa a layi ɗaya cikin kasafi, shi ya sa ba a cika ganin girmansa ba. Ana iya kasa shi gida biyar.

Na farko, kuɗin hukuma. NHIA tana da ofisoshi a jihohi da shiyyoyi, tana tura jami'ai tantance asibitoci, tana binciken ƙorafi, tana gina rumbun bayanai. Ƙa'ida irin ta awa ɗaya ba ta tabbata sai an sami wanda zai kwatanta lokacin da asibiti ya rubuta da lokacin da kamfani ya rubuta, ya gano wanda ya yi ƙarya.

Na biyu, kuɗin gudanarwar kamfanoni. Daga cikin gudummawar da aka tara ake ware wa HMO ladan aikinsa. Ciwo ba ya jiran wayewar gari, don haka amsa cikin awa ɗaya na nufin ma'aikata dare da rana, har da Asabar da Lahadi da ranakun Sallah. A ƙaddara mai dubawa yana ɗaukar minti biyar a kan kowace buƙata: zai duba 12 a awa, 96 a aikin awa takwas, kuma kujera ɗaya tana bukatar aƙalla mutum uku kafin ta zagaya yini da dare. Idan aka ce dole likita ne zai zauna a kujerar, farashin ya ninka.

Na uku, kuɗin asibiti. Kowane asibitin da ke cikin shirin yana ajiye teburin inshora, da ma'aikaci, da kwamfuta, da data, da man janareta. Ga kuma asarar da yake yi idan an ƙi biyan aikin da ya riga ya yi saboda kuskuren lamba. A asibitin gwamnati duk wannan daga baitulmali ne. A asibitin kuɗi kuma yana komawa kan farashin da ake cajin sauran majiyyata.

Na huɗu, lokacin likita, wanda ya fi komai tsada a ƙasar nan. A 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa likitoci masu lasisi a Najeriya kimanin 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Wannan na nufin likita ɗaya ga mutum kusan 4,000, kuma yawancinsu sun taru a Legas da Abuja da manyan birane. Duk likitan da aka zaunar a ofis yana duba takardun izini, an cire shi ke nan daga ɗakin duba marasa lafiya.

Na biyar, kuɗin majiyyaci: kuɗin mota, abinci, masauki, rufe shago, da kuma biya daga aljihu idan haƙuri ya ƙare. Ma'aikacin da aka yanki gudummawarsa, sannan ya sake biyan kuɗin hoto saboda lamba ba ta zo ba, ya biya sau biyu. Mafi muni shi ne ciwon da jinkiri ya tsananta, wanda daga baya asusun zai kashe masa ninkin abin da aka so a tsimi.

A ɗaya ɓangaren, rashin sa ido ma yana da farashinsa. Asusun da ke biyan duk takardar da aka kawo masa ba ya daɗewa, domin sunayen bogi da ayyukan bogi za su cinye shi, kuma wanda zai fara ji a jikinsa shi ne talakan da zai zo a ce masa babu magani. Wannan ne ya sa ake haɗa rajista da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, NIN.

Yadda lamarin yake a Zamfara

Mazaunin Zamfara na iya shiga inshora ta ƙofa uku. Ma'aikatan Tarayya, kamar na Jami'ar Tarayya ta Gusau, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, suna ƙarƙashin NHIA da kamfanonin HMO. Jiha tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, ZAMCHEMA, kamar yadda Kano ke da KSCHMA, Katsina KATCHMA, Sakkwato SOCHEMA. Jihohin Arewa da dama sun zaɓi kalmar taimakekeniya maimakon inshora domin kauce wa saɓanin malamai game da inshorar kasuwanci. Ƙofa ta uku ita ce Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, BHCPF, wanda dokar 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Tarayya, aka kuma fara sa shi a kasafin 2018. Wani kaso na asusun yana bi ta hukumomin jihohi domin rajistar marasa galihu, bisa manufar samar da aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Zamfara na da mazaɓu 147 a ƙananan hukumomi 14. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu kuma na iya shiga ta shirin GIFSHIP na Tarayya ko ta shirin jiha.

Matsalar ita ce ƙwararrun likitoci da manyan na'urori sun taru a Gusau, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Abin da ya gagara a nan sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko na Malam Aminu Kano. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato, Magami kuwa a kan hanyar Ɗansadau, kuma dukkansu sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga, musamman hanyar Magami. A irin wannan wuri takardar tura majiyyaci gaba tafiya ce mai haɗari, kuma a ce masa ya dawo gobe magana ce mai nauyi.

Tsarin izini ya dogara da waya da intanet. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar domin yaƙi da 'yan bindiga. An dawo da su Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa sai a ƙarshen Nuwamba. Ko ba irin wannan mataki, ƙauyuka da yawa ba su da sabis mai ƙarfi. Ƙa'idar awa ɗaya tana fara ƙirga ne daga lokacin da buƙata ta isa, don haka ba ta da abin cewa ga cibiyar da ta kasa aikawa ma. A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, aka shiga gyaran asibitoci. Gini da na'ura na rage yawan tura majiyyata Gusau ne kawai idan akwai likitan da zai zauna a wurin.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Amurka, inda tsarin ya samo asali, ta fi kowa sanin tsadarsa. A 2022 ofishin babban mai binciken ma'aikatar lafiyarta ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na buƙatun da kamfanoni suka ƙi a shirin tsofaffi na Medicare Advantage sun cika ƙa'idar da ya kamata a amince da su. A watan Janairun 2024 gwamnatin ƙasar ta yanka wa'adin awa 72 ga buƙatar gaggawa da kwana 7 ga sauran, ta kuma ƙiyasta cewa mayar da tsarin kan kwamfuta zai rage asarar dala biliyan 15 cikin shekara goma. Jihar Texas a 2021 ta yi dokar da ke yafe neman izini ga likitan da aka amince da aƙalla kashi 90 cikin 100 na buƙatunsa a kan wani aiki. Jihar Kalifoniya a 2024 ta yi dokar da ta ce likita ko ƙwararren ma'aikacin lafiya mai lasisi ne kaɗai zai iya ƙin aiki bisa dalilin rashin bukata, na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta da wannan iko.

Ghana ta bi wata hanya. Shirinta na 2003 ba ya amfani da kamfanonin HMO. Ana tara kuɗi ta harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki, hukuma ce ke tantance takardun asibitoci bayan an yi aiki, tana kuma tura likitoci binciken fayiloli. Majiyyaci ba ya jiran lamba, amma asibitoci sun sha jiran watanni kafin a biya su. Jamhuriyar Nijar ta ga irin haka da shirin jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa da aka shimfiɗa a 2005 da 2006: bashin da gwamnati ta tara ya sa cibiyoyi a Maraɗi da sauran jihohi suka riƙa rasa magani. Darasin shi ne jinkiri ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa, ko a gaban majiyyaci ko a kan asibiti.

Ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi

Sa ido yana biyan kuɗin sabulu ne idan abin da ya hana a sace ko a ɓarnatar ya fi abin da aka kashe wajen yin sa. Aikin da ake amincewa da shi kusan kullum, mai araha, wanda jinkirinsa ke da haɗari, bai cancanci shinge ba. Binciken fayiloli bayan aiki ya wadatar. Aiki mai tsada wanda ba na gaggawa ba, shi ne ya cancanci a duba tukuna. A jihar da likitoci suka yi ƙaranci, hanya mafi sauƙi ita ce a bar akawu da kwamfuta su amince, amma duk ƙi bisa dalilin likitanci ya fito daga hannun likita mai suna da lambar lasisi, domin buƙatun da ake ƙi sun fi waɗanda ake amincewa da su ƙaranci nesa ba kusa ba. Haka nan ana iya neman izini tun majiyyaci yana cibiyar Magami ko Tsafe, kafin ya hau mota.

Alƙaluman da za su nuna gaskiyar lamarin guda huɗu ne, kuma majalisar dokoki da ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa na da haƙƙin neman su: yawan buƙatun da aka aika, kason da aka ƙi, matsakaicin lokacin amsa, da kason gudummawar da ya tafi gudanarwa maimakon jinya. Batun ya ƙara shafar 'yan kasuwa tun watan Satumban 2025, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya umurci ma'aikatun Tarayya su riƙa neman takardar shaidar inshorar lafiya daga masu neman kwangila.

Abin da mai rajista ya kamata ya riƙe

Neman lambar izini aikin asibiti ne, ba na majiyyaci ba. Mai rajista ya san sunan kamfanin HMO ɗinsa, ya ajiye lambar wayarsa, ya tambayi teburin inshora ƙarfe nawa aka aika buƙata, ya rubuta. Idan awa ta wuce, ya tunatar da su ƙa'idar Afrilun 2025. Idan an ƙi, ya nemi dalili a rubuce. Idan an tilasta masa biya, kada ya bar asibitin ba rasit, domin da shi ake neman mayar da kuɗi. Ƙorafi kan kamfani ko asibiti ana kai shi ofishin NHIA na jiha, ko ZAMCHEMA ga masu rajistar jiha. Ƙorafi kan sakacin likita kuma MDCN. Mace mai naƙuda da ta jigata, da wanda ya yi haɗari, da wanda aka harba, a fara yi musu jinya. Lambar tana da awa 48.